Hannun Mutum na Uku

Ku yi haƙuri da shirun da na yi kwanakin nan. Masu cika min waya da tambayar ko an sa rana ne, ba a sa ba. Ke kuma da kika ce in daina yanga in auri Ɗan Ofis tunda motarsa mai sanyi ce, na ga saƙonki, Allah ya ba ki irinsa biyu. Abin da ya riƙe ni daban ne, kuma har yanzu da nake rubutun nan zuciyata ba ta gama komawa mazauninta ba.

Ga waɗanda yau suka fara bina: ni aikina tace fim. Ba na rawa da waƙa ba, irin wanda ake bin mutane da kamara su faɗi abin da ke damunsu da bakinsu. Dogo ne mai ɗauka, ni ce mai yankawa da haɗawa. Shi ne kuma wanda ya zo gidanmu ya durƙusa ya gaida Baba da maganar aure, Umma ta kalli takalminsa da jakar da ke goye a bayansa, bayan ya fita ta ce, "Wannan ai kullum kamar wanda aka koro." Wanda take so min shi ne Ɗan Ofis, mai magana da yawun kamfanin rini inda Baba yake aiki tun kafin a haife ni. Gidan da muke ciki ma na kamfanin ne, har fentin ƙofarmu launin tambarinsu ne. Fim ɗin da ni da Dogo muke yi kuwa a kan kamfanin nan ne, da abin da yake zubawa a rafin bayan unguwa. A gida abin da na faɗa kawai shi ne muna fim a kan ruwa. To kun ga irin kujerar da nake zaune a kai.

Ɗakin aikinmu yana saman shagon wani mai gyaran fanka. Mun manna kwalayen ƙwai a bango don su shanye ƙara, taga ɗaya ce kuma mun toshe ta da tsohon bargo, sai kwamfuta biyu da butar shayi wadda ba ta tafasa sai an danne murfinta da littafi. A nan Dogo ya zaunar da ni tun farko, ya sa na kalli finafinai irin namu har idona ya yi ja. Kusan duk tafiyarsu ɗaya ce. Dogayen gine-ginen gilashi, manya cikin kwat suna rufe ƙofar mota a fuskar kamara, sai a yanko wata tsohuwa tana nuna rijiyarta da ta lalace. Ba zan ɓoye muku ba, sun buɗe min ido. A nan na fara jin kalmar jari-hujja ta zauna min a kai, na gane abin da na taso ina shaƙa a iska ashe suna gare shi, kuma ba mu kaɗai ba ne.

Sai dai duk fim ɗin da ya ƙare, sunaye suna hawa sama, tambaya ɗaya nake yi.

"To ita tsohuwar yanzu tana ina?"

Dogo sai ya yi dariya ya ce, "Edita, ke kullum sai kin tambayi abin da ba ya cikin fim."

Yana da doka a kan ma'aikatan da suka yarda su yi magana a ɓoye. Shi kaɗai yake zuwa ya ɗauke su. Yakan zaunar da mutum ya ba taga baya, haske ya bugo ta ƙeyarsa, fuskar ta zama baƙi ƙirin. Muryar ma sai ya sauya ta, ya kaurara ta har ta koma kamar daga cikin tulu take fitowa, sannan ya miƙo min. Ba suna, sai Mutum na Ɗaya, Mutum na Biyu. Ya ce ko ni bai kamata in sani ba, abin da ban sani ba babu mai iya tatsarsa daga bakina. Dokar ta burge ni, har cikin raina na ƙara masa maki.

Amma Dogo yana da wata cuta, ita ce son hannu. Duk wanda ya ɗauka sai ya kafa ƙaramar kamara ta biyu a kan hannuwansa. Yakan ce baki yana iya ƙarya, hannu bai iya ba.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, na sa abin sauraro a kunne na buɗe Mutum na Uku. Shi ne ƙashin bayan fim ɗin, Dogo ya daɗe yana min kirarinsa. Inuwa ce kawai a kan kujerar roba, muryar tulu tana fita a hankali.

"Idan hadari ya haɗu kowa murna yake. Ni kuwa gabana faɗuwa yake yi, don na san za a kira ni. Ruwan sama ne ke rufa mana asiri. Yana saukowa sai a ce in je in buɗe famfon bayan tanki, dattin ya bi kwata ya shiga rafi, kafin a ɗauke ruwa ya yi nisa. Washegari in bi ta gada in ga yara suna wanka. Ni na buɗe. Ba manaja ba, ni."

Na tsayar, na sha ruwa, na ce a raina kai, wannan bawan Allah ya ɗauko kaya. Sai na jawo hoton kamara ta biyu don in ɗora a kan maganar, yadda muka saba.

Hannuwa biyu a kan gwiwa. Shuɗin rini ya zauna a duk layin tafin, ya kewaye farce. Wannan ba komai ba ne, rabin mazan unguwarmu haka hannunsu yake. Amma hannun hagu babu ƙaramin yatsa, sai ɗan guntu. Agogon da ke ɗaure an juya fuskarsa ciki, wajen jijiya. Kuma daidai inda muryar ta ce "ni na buɗe", babban yatsa ya lallaɓa ya fara shafa guntun nan, a hankali, yana zagayawa.

Jama'a, da hannun nan aka koya min riƙe cokali. Haka Baba yake shafa guntun duk lokacin da zai faɗi magana mai nauyi, haka ya shafa shi ranar da zai gaya mana rasuwar Kaka. Agogon kuwa kamfani ne ya ba shi na daɗewa a aiki, a gaban kowa, har da hoto a allon sanarwa. Yana juya shi ciki ne don kada rini ya ɓata gilashin.

Na cire abin kunnen na ajiye.

"Darakta, zo," na ce wa Dogo.

Ya taso da kofin shayi a hannu, yana ganin allon ya tsaya cak.

"Wane ne Mutum na Uku?"

"Edita, kin san doka."

"Doka ta ce a ɓoye mutum. Ka ɓoye shi?"

"Babu fuska, babu murya. Ma'aikata nawa ne hannunsu shuɗi?"

"Nawa ne a cikinsu injin kamfani ya cire wa ƙaramin yatsa? Nawa ne ke juya agogo ciki? Ko mai gadin ƙofa ya ga wannan zai kira sunansa, balle manaja."

Ya ajiye kofin, ya matso kusa da allon kamar yau ya fara ganin hoton. Wallahi na ga lokacin da abin ya faɗo masa, fuskarsa ta sauya.

"Na kalli wurin nan ba adadi," ya ce a hankali. "Ina ganin yatsan. Amma kyan hoton nake gani, ban taɓa..."

"Ba ka taɓa tuna hannun mutum ne ba."

"Ba haka ba ne."

"Haka ne mana! Ka zauna a falonmu ka sha ruwanmu, ka san rufin da ke kanmu na wane ne. In suka kore shi ina za mu? Nan, cikin kwalayen ƙwai? Su sun ci ƙarfinsa, kai kuma za ka ci hannunsa, ka tafi da shi inda ba su san warin kwatar ba su tafa maka. Gaya min bambancinku."

Na san maganar ta yi masa zafi, don ni ma da ta fita sai da ta ƙona min baki. Bai rama ba. Ya zauna a kan akwatin kamara, dogayen ƙafafun nan sun rasa wurin zama, ya ce, "Na yi kuskure a kan hoton, na yarda. Amma alƙawari na ɗauka ba zan gaya miki ba, shi ya sa. Abu ɗaya nake roƙo. Kafin ki yanke, ki tambaye shi."

Ban saurare shi ba. A gabansa na cire hannun, na ɗora hoton rafi a gurbinsa, ruwa mai kumfa yana wucewa ƙarƙashin gada. Na sake kunnawa. Maganar tana nan, amma ta zama magana kawai, irin wadda kowa zai ji ya girgiza kai ya ci gaba da cin abincinsa. Ni edita ce, na san na kashe wurin. Na rufe ƙaramar kwamfutar na sa a jaka, na ja mayafina na sauko.

A mota saƙonsa ya shigo. "Gobe da safe za mu miƙa fim ɗin. Yadda kika bar shi haka zai tafi, ba zan taɓa ba." Can kuma wani. "Kin ci abinci?" Na kife wayar a cinya.

Ina shan kwanar layinmu na hango farar motar Ɗan Ofis a ƙofar gida. Na ce yau kuma ni aka sa wa ido. Umma ta tare ni tun a tsakar gida, ta sha sabon ɗankwalinta mai ruwan goro, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Sai yanzu? Dubi fuskarki kamar wadda ta kwana a tasha. Shiga ki sa doguwar rigar nan mai ruwan zuma, ki shafa hoda. Tun ɗazu yake jira, har da kwalin madara ya kawo."

"Umma, na gaji."

"Gajiyar me? Zaman kallon talabijin ne aikin naki. Wuce."

Na sa rigar, ban shafa hodar ba. A falo an kunna fanka, an fito da kofunan baƙi masu bakin zinariya waɗanda mu 'yan gida ba ma taɓawa. Ɗan Ofis ya miƙe da ya gan ni. Ku fahimce ni, mutumin nan ba mugu ba ne. Yana da kunya, yana gaida na gaba da shi da hannu biyu, kuma abin da yake faɗa ya yarda da shi har zuciya. Wannan ne ma ya fi ba ni tsoro.

"Ranki ya daɗe, ya aikin ruwa?" ya ce yana murmushi.

"Ruwa yana nan yana gudu."

Ya yi dariya, ya juya wajen Baba suka ci gaba da hirarsu. Wai sun ji ƙishin-ƙishin wasu matasa suna haɗa fim don su ɓata sunan kamfani. "Baba, abin da ba sa dubawa, gidaje nawa ne ke ɗora tukunya saboda ƙofar kamfanin nan? In aka rufe ta, masu kamarar ne za su ciyar da su? Manaja ya ce ba komai, duk wanda ya yi magana daga ciki za a gane shi. Ai mun san mutanenmu."

"Ƙwarai kuwa," in ji Baba. "Kamfani ai ya yi mana komai."

Muryarsa lafiya lau, fuskarsa lafiya lau. Na saukar da ido kan gwiwarsa. Babban yatsan yana zagaya guntun, a hankali.

Tambayar Ɗan Ofis ta bi ni har bayan tafiyarsa, don ba tambayar banza ba ce. Da ladan kamfanin nan aka saya min kwamfutar da nake yanka fim ɗin da ita. Finafinan da na kalla ba su cika tsayawa a nan ba, su a wurinsu akwai azzalumi akwai wanda aka zalunta, kowa da kiɗan da ake sa masa. Ba su gaya min yadda ake yi idan hannun da ya buɗe famfon shi ne hannun da ya ciyar da kai ba.

Bayan la'asar na sami Baba a bakin famfon tsakar gida, ya naɗe hannun riga, ya cire agogon ya ɗora a kan bulo, yana dirza hannu da soso da sabulu. Kullum sai ya yi, kullum kuma shuɗin yana nan. Na ɗauki buta na tsuguna ina zuba masa.

"Uwata, yau ke ce da hidima? Me kike so a saya miki?"

"Baba, na ga hannunka."

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da dirzawa har kumfar ta ƙare, sannan ya miƙo na zuba ruwa.

"Yaron ya gaya miki."

"Bai gaya min ba. Hannun ne ya gaya min. Amma kada ka damu, na cire. Babu wanda zai gani."

Sai a lokacin ya kalle ni. Na zaci zan ga sauƙi a idonsa, ban gani ba.

"Wa ya sa ki?"

"Baba, za su gane ka. Aikin, gidan nan..."

"Ni na neme shi, Uwata, ba shi ya neme ni ba. Ranar da ya zo gaishe ni na raka shi bakin titi na ce ina da magana. Cewa na yi ya ɗauke ni da fuskata da sunana. Shi ya ƙi. Ya ce ba zai iya kallon idonki ba in wani abu ya same ni. Muka yi ta ja, har na haƙura na zauna a duhu kamar ɓarawo." Ya girgiza ruwan hannunsa. "Da na ga ya kafa ƙaramar kamarar nan, ina sane na ɗora su a gwiwa. Ina sane na bar agogon."

Butar ta yi min nauyi na ajiye ta. Maganar da na yaɓa wa Dogo da safe ta dawo min.

"To me ya sa ɗazu ka ce kamfani ya yi mana komai?"

"Ya yi mana. Ƙarya na yi? Ya ba ni gida, ya ba ni abin da na rene ku da shi. Ni kuma na ba shi abin da ya fi gida, na yi masa shiru shekara da shekaru. Jikar mai shayin bakin gada, kin ga fatarta? Kullum na wuce sai ya ce in zauna in sha, ba ya karɓar kuɗina, wai ni mutumin kirki ne." Ya ɗaga hannun hagun tsakanina da shi, ruwa yana ɗiga ta gwiwar hannu. "Wannan ɗaya sun ɗauka. Sauran huɗun nawa ne. Ki mayar da su inda kika same su."

"Umma fa?"

Ya ɗauki agogon ya ɗaura, ya juya fuskarsa ciki.

"Ita ce ban san ta inda zan fara ba," ya ce.

Na shige ɗakina na zauna a bakin gado, na buɗe kwamfutar. Ga rafin, ga hannun a gefe inda na jefar da shi. Dannawa ɗaya ce ta raba su. Na rubuta wa Dogo "Ka yafe min maganar ɗazu", na goge, na sake rubutawa, na tura. Ya amsa nan take. "Rabinta gaskiya ce. Me ya ce?" Na ajiye wayar, don ni kaina ban san me zan yi ba. Hannun na Baba ne, gaskiya. Amma rufin ba nasa ba ne shi kaɗai. Labulen falon nan Umma ta ɗinka shi da kanta daidai tagogin gidan nan, bishiyar lemon da ke tsakar gida ita ta dasa tun ina goye. Duk son da take wa Ɗan Ofis, na sani, ba motar ba ce. So take ta ga na zauna inda ba za a taɓa cewa in tashi ba.

Ban ji tafiyarta ba, sai ganin labulen ƙofa na yi ya ɗaga. Ta cire sabon ɗankwalin, ta ɗaura tsohon na aikin gida. Tagar kicin a kan famfon take, na manta, ashe duk ta ji mu.

Ta zauna kusa da ni, katifar ta lotsa.

"Kunna min."

"Umma..."

"Kunna min mutumin nan da ya zauna a duhu. Da hannun, ba da ruwan ba."

Na mayar da hannun, na kunna. Muryar tulu ta cika ɗakin. Umma ba ta motsa ba. Ta kalli shuɗin da ta yi rabin rayuwarta tana wankewa daga zanen gado, ta kalli agogon da ita ta goge shi ranar da aka ba shi. Da aka zo "ni na buɗe", yatsan ya fara zagayawa. Ta miƙa hannu kamar za ta taɓa allon, ta fasa.

Na tsayar. Na jira faɗa, na jira ta ce in goge, in rufe, in fita daga harkar yaron nan mai jaka. Ta daɗe tana kallon hannun da ya daskare a allon.

"Duk daren da aka yi ruwa ba ya barci," ta ce, ba da ni take ba. "Ni ina cewa ciwon baya ne."

Ta goge ido da bakin zane, ta gyara zama, ta nuna kwamfutar da haɓa.

"Wannan muryar ba tasa ba ce. Wa ya mayar min da miji kamar aljani? Kira yaron nan, ki ce ya kawo ta gaskiyar. In dai za a tashe ni daga gidan nan, sai na fara ji da muryarsa."